Sarkin Musulmi Attahiru A Kan Dandamali: Mutunci, Amana Da Ƙaunar Ɗa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2014 'yan Boko Haram suka faɗa wa Mubi suka kama ta, sa'an nan suka bi garuruwan da ke kewaye da ita ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Vimtim, garin Fali da ke gindin duwatsu a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, inda aka haifi marigayi Alex Badeh, wanda a lokacin shi ne Babban Hafsan Tsaron Nijeriya. Jama'a suka watse. Waɗansu suka hau duwatsu, waɗansu suka tsallaka Kamaru, waɗansu kuwa suka miƙa hanya suka nufi Yola. Ba a cika wata guda ba aka ƙwato Mubi, rediyo da jaridu suka ba da labari, amma abin da ya gudana cikin gidaje a waɗannan kwanaki bai shiga labarun ba.

A kowane gida akwai maigida wanda tilas ta sa ya yanke shawara kafin gari ya waye. Ko dai ya zauna ya tsare gidansa da rumbunsa da kaburburan iyayensa, ko kuwa ya tasa iyali gaba ya bar kome da kome. In tafiyar za a yi, wane ɗa ne zai ja mata da yara, wane ne kuma zai tsaya da tsohon da ba ya iya hawan dutse? Bayan ƙura ta lafa, a garuruwa da yawa na wannan yanki sai wata sabuwar fitina ta taso ta baki: wanda ya gudu a ce masa matsoraci, wanda ya zauna a riƙa yi masa kallon tuhuma. Mutanen da suka ɗanɗani wannan ba su bukatar malamin jami'a ya bayyana musu abin da ake nufi da wasan ban tausayi, domin ainihinsa ke nan.

Shi wasan ban tausayi ba mutuwa ce kawai ta sa ake kiransa haka ba. In ɓarawo ya faɗa rijiya ya mutu a ƙarshen wasa, 'yan kallo tafi za su yi. Abin da ke sa zuciya ta karaya shi ne a ga mutumin kirki, mai girma, wanda wajibai biyu ko uku suka hau kansa lokaci guda, kowanne gaskiya ne, amma ba shi da ikon sauke ɗaya sai ya tauye ɗaya. Rubutattun wasannin Hausa da aka saba karantawa a makarantu, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, sun fi karkata ga wayar da kai da gyaran zaman aure da tonon asirin miyagun halaye. Sun yi aikinsu, ba a raina musu ba. Amma gwarzon da ya cika wancan sharaɗi, wanda tarihin ƙasar Hausa ya haifa da kansa, a cikin wasan Ingilishi ya fi shahara.

Wasan nan sunansa Attahiru, mawallafinsa kuwa Ahmed Yerima, an buga shi a Badun a 1999. Yerima ya yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ife, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya shugabanci ƙungiyar wasanni ta ƙasa a Ikko, a 2006 kuma ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya da wani wasansa mai suna Hard Ground. Kafin Attahiru ya riga ya rubuta wasa a kan Oba Ovonramwen na Benin, wanda Turawa suka ci garinsa a 1897. Watau dai mutum ne mai sha'awar sarakunan da zamani ya juya wa baya. Ya kuma kyauta da bai cika dandamali da sarakuna da hakimai kaɗai ba, ya sa talakawan gari a ciki, har da makaho mai bara, domin a ji yadda maganar fada ke sauka a kunnen wanda ba a shawarta da shi.

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An naɗa shi Sarkin Musulmi a watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi mulki tun 1891. Ba a taɓa miƙa wa wani wannan rawani a lokaci mai muni kamar wannan ba. Tun ranar 1 ga watan Janairu, 1900 Gwamna Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauchi ta bi baya a 1902, a cikin wannan shekara kuma Turawa suka zauna da gindinsu a Zariya. Attahiru bai cika wata huɗu a kan gado ba aka ci Kano, ranar 3 ga watan Fabrairu, 1903. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. To, a nan ba ruwan da za a shafa.

Manyan Sakkwato suka rabu uku. Akwai masu cewa a yi yaƙi, akwai masu cewa a nemi sulhu, akwai kuma masu cewa a yi hijira tun Nasara bai iso ba. Wanda bai san tarihin gidan ba zai ɗauka hijira wani suna ne mai daɗi da aka laƙaba wa gudu. Ba haka ba ne ga jikokin Shehu. Da hijira aka kafa daular, sa'ad da Shehu ya tashi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, shi da kansa kuma ya wallafa littafi a kan wajabcin barin ƙasar da Musulmi ba su da ikon tsayar da addininsu a cikinta. Bugu da ƙari, an daɗe ana riƙe da zancen cewa wata rana jama'ar Shehu za ta tashi ta yi gabas. Saboda haka Attahiru bai ƙago wa kansa hanya ba, gado ya tarar. Ana cikin wannan ja-in-ja ne rundunar Kanar Morland ta bayyana a bayan gari.

Ranar 15 ga watan Maris, 1903 aka gwabza a filin Giginya. Sarkin Musulmi yana tsakiya, ɗan'uwansa Marafa Muhammadu Maiturare yana riƙe da gefe ɗaya, Sarkin Rabah Ibrahim, mahaifin Sardauna Ahmadu Bello, yana riƙe da ɗaya gefen. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wanda ya yi wannan karin magana bai ga bindiga mai ruwa ba. Doki da mashi da takobi ba su ko sami isa ga layin sojan ba, kafin sa'a biyu an gama. Waɗanda suka fi ba da mamaki su ne 'yan tsirarun da suka kewaye tuta suka ƙi motsawa, aka yi ta harbe su har suka ƙare. Attahiru ya fita da rai. Kwana shida bayan haka, ranar 21 ga wata, Gwamna Lugga ya tabbatar da wani Muhammadu Attahiru, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi.

Daga nan ne wasan ya zama na ban tausayi na sosai, domin yaƙin Giginya ba zaɓi ba ne, dole ce. Zaɓin yana bayansa. Da Attahiru ya so, da ya aiko a nema masa aminci, a kai shi wani gari a tsare, yana ci yana sha har ajalinsa, kamar yadda aka yi wa Sarkin Kano Alu, wanda aka tsare a Lakwaja har ya rasu a can. Abin da ya hana shi, shi ne abin da Hausawa ke kira mutunci. Mutunci fa ba girman kai ba ne, ko da yake daga nesa suna kama da juna, kuma ɗan wasan da bai rarrabe su ba zai fito da Attahiru yana huci yana zare ido kamar ɗan dambe. Girman kai shi ne mutum ya ƙi sunkuyawa domin yana ganin ya fi kowa. Mutuncin da ake magana a nan kuwa shi ne mutum ya san cewa rawanin da ke kansa ba nasa ba ne, aro ne daga waɗanda suka riga shi, in ya sunkuya da shi a gaban wanda ya ci ƙasa da bindiga, to, ba kansa kaɗai ya sunkuyar ba.

Sai maganar amana, wadda ta fi wuyar warwarewa, domin fuska biyu gare ta, kuma duk wanda ya nuna ɗaya ya ɓoye ɗaya ya cuci tarihi. Wazirin Sakkwato na lokacin shi ne Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u. Bayan an watse a Giginya bai bi sarkinsa gabas ba. Ya tsaya a bayan gari tare da jama'ar da ta firgita, ya shawarci malamai, sa'an nan ya komo ya yi sulhu da Turawa. Abin bai kwanta masa a rai ba, har ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana uzurinsa. Hujjarsa ita ce, in kowa ya tashi, wa za a bar wa raunana da tsofaffi da marayu, wa zai riƙe masallatai da makarantu da shari'a? Malamai kuma suka nuna masa cewa ya halatta a yi wa mai ƙarfi biyayyar baki in ana tsoron halaka, muddin zuciya ba ta bi ba, musamman da yake Turawan sun yi alkawarin ba za su hana salla da sauran ibada ba.

Mai shirya wasa yana iya jin kwaɗayin ya mai da Waziri maci amana, domin 'yan kallo suna son a nuna musu wanda za su yi wa ihu. Yin haka kuskure ne babba, kuma yana rage wa Attahiru kansa daraja. In duk wanda ya zauna munafuki ne, to, tafiyar Attahiru ba ta da wani nauyi, ya bar miyagu ne ya bi gaskiya, shi ke nan. Nauyin yana zuwa ne in an gane cewa mutanen da ya bari a baya mutanen kirki ne, masu hujja daga littattafan da shi ma yake karantawa. Sarki ya riƙe amanar aƙida, Waziri ya riƙe amanar jama'ar da ba ta iya tafiya. Shi Marafa Maiturare ma, wanda ya yi yaƙi a gefen ɗan'uwansa a Giginya, zama ya yi, har ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Gida ɗaya ne ya tsage biyu, ba wanda ya fita daga cikinsa da zuciya cikakkiya.

Attahiru ya bi ta ƙasar Zamfara, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya, ya nufi gabas. Abin da ya tsorata Turawa shi ne yadda talakawa suka riƙa barin garuruwansu da gonakinsu, ga damina ta kawo kai, suna bin mutumin da aka ce an tuɓe. Ba shi da gari, ba shi da baitulmali, ba abin da zai ba kowa, amma ayari sai ƙaruwa yake yi. Manya ma sun bi, cikinsu har da Sarkin Misau Ahmadu, da Alfa Hashim, malamin nan na dangin Alhaji Umaru Futi wanda Faransawa suka koro daga yamma. Wannan biyayya abin alfahari ce, amma kuma kaya ce. Mutumin da ya fita domin ya tsira da addininsa ya waiwaya ya ga dubban mata da yara a bayansa, kowannensu ya rataya ransa a wuyansa. Daga ranar nan ba 'ya'yan cikinsa kaɗai ke kiransa uba ba.

Mutanen Adamawa sun san irin wannan labari tun kafin na Sakkwato. Sa'ad da aka ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu bai miƙa wuya ba. Ya fita ya yi ta fafatawa, ya kara da Jamusawa a Garwa da Marwa, ya yi ta yawo tsakanin wuta biyu, har aka kashe shi a ƙasar Lala a farkon 1903, ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu kuwa yana kan gado a Yola. Shi ma yana jiran marubucin da zai hau da shi dandamali.

Ayarin Attahiru ya ƙare a Burmi, wani gari mai ganuwa kusa da kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yanzu. Mutanen Burmi mabiya Malam Jibrilla Gaini ne, ba su da dalilin son gidan Sakkwato ƙwarai, amma suka buɗe ƙofa suka karɓi baƙi, suka kuma mutu tare da su. Wannan ma wata amana ce da ba a cika ambata ba. A watan Mayu sun riga sun kori wata rundunar Turawa da ta zo musu. Ranar 27 ga watan Yuli, 1903 aka komo da shiri sosai. Aka yini ana yaƙi, daga ganuwa har cikin lunguna, shugaban rundunar, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi. Da rana ta faɗi, mutum fiye da 600 ne ke kwance a cikin garin. Aka sami gawar Sarkin Musulmi cikin tarin gawawwakin mutanensa, 'ya'yansa biyu suna gefensa.

Amma ba duka 'ya'yansa ne suka kwanta a Burmi ba. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya fita da sauran jama'a ya ci gaba da tafiya gabas, kuma abin da zuriyarsa ke riƙe da shi shi ne uban ne ya ɗora masa wannan kaya. A nan ne zuciyar wasan take, ba a wurin harbe-harbe ba. Harbi kowa na iya kwaikwayonsa da ganga da hayaƙi. Abin da ke da wuya shi ne a nuna uba wanda ya riga ya san gobe ba zai kai yamma ba, ya kira ɗansa, saurayi mai jini a jika wanda ba abin da yake so kamar ya mutu a gaban ubansa, ya ce masa ya tafi.

A duba abin da wannan umarni ya ƙunsa. Uban ya zaɓar wa kansa mutuwar da za a riƙa yabo, ya zaɓar wa ɗansa rayuwar da za a iya yi wa gori. Duk inda Mai Wurno ya sauka, akwai mai iya cewa ga wanda ya bar ubansa a bakin daga. Ɗan da ya yi biyayya a nan ya sadaukar da abin da ya fi rai tsada a wurin irinsu, watau sunansa. Uban kuwa ya san haka sarai, ya kuma san cewa in bai raba ɗan nan da kansa ba, matan da yaran da suka biyo shi tun daga Zamfara ba su da jagora. Ƙaunar ɗa da amanar jama'a suka haɗu a kan umarni guda, mutunci kuwa ya tsaya a ɗaya gefen yana kallo, domin abin da uban ya hana ɗansa shi ne abin da shi kansa ya ƙi bari.

Yadda za a nuna wannan a kan dandamali yana bukatar sanin al'ada. A ƙasar Hausa, balle a gidan Fulani, uba ba ya rungumar ƙaton ɗansa a gaban mutane, ba ya zubar da hawaye a kansa, in ɗan fari ne ma ko sunansa ba ya kamawa. Kunya da kara sun hana. Baƙo yana iya ganin wannan ya ce babu ƙauna, alhali kuwa ƙaunar tana nan, ta sauya tufa ne kawai. Tana fitowa a cikin umarni, da addu'a, da ɗan shirun da ke biyo bayan an sallami mutum amma ba a ɗauke ido daga kansa ba. Ɗan wasan da ya koyi sana'arsa daga finafinan Indiya zai so ya faɗa wuyan ɗan yana kuka, da ya yi haka kuwa ya kashe wasan. Abin da zai sa dattawan da ke cikin 'yan kallo su sunkuyar da kai shi ne su ga ɗan ya durƙusa ya ce, "Allah ya taimaki Sarkin Musulmi," uban ya sa masa albarka a taƙaice kamar wanda zai aika kasuwa, sa'an nan ya juya ya tambayi wani bafade ko an shayar da dawaki.

Marubutan ƙasar Yarbawa sun taɓa wannan jijiya ta wata hanya dabam, kwatanta su kuwa yana ƙara haske. Wole Soyinka ya wallafa wasansa na mutuwa da barden sarki a 1975, ya gina shi a kan wani abu da ya auku a Oyo zamanin Turawa. Bisa al'adarsu ta da, in Alafin ya mutu, Elesin, watau barden sarki, zai bi shi lahira da kansa. Elesin ya yi ta cika baki, amma da lokaci ya yi sai son duniya ya riƙe masa ƙafa, jami'in Turawa kuma ya kama shi ya kulle. Ɗansa Olunde, wanda ya komo daga karatun likita a Ingila, shi ya mutu a madadinsa domin ya wanke sunan gidansu. A can uba ne ya kāsa, ɗa ya biya. A Burmi kuwa uba ne ya biya domin ɗa ya rayu.

Kurunmi na Ola Rotimi, wanda aka buga a 1971, ya fi kusa da Attahiru, shi ya sa ma ya fi zama gargaɗi. Kurunmi shi ne sarkin yaƙin ƙasar Yarbawa, mai mulkin Ijaye. Ya ƙi amincewa da naɗin Adelu a kan gadon ubansa Alafin Atiba, domin a ganinsa an karya al'ada, ya ja garinsa cikin yaƙi da Badun a 1860. Ya yi gaskiya ga abin da ya gada, ba wanda ya isa ya kira shi matsoraci, amma yaƙin ya cinye 'ya'yansa biyar, ya rushe Ijaye, shi kuma ya bi su. Kurunmi bai ware ko ɗaya ya ce wannan na gobe ne ba. Duk abin da yake da shi ya zuba a wuta guda.

Kada kuma yabo ya rufe ido. Akwai 'ya'ya biyu da suka mutu a gefen Attahiru, su ma uwa ce ta haife su. Akwai ɗaruruwan da suka kwanta a Burmi, kowannensu ɗan wani ne, da yawansu manoma ne da suka bar shuka a gona. Mai kallo yana da hakkin ya tambaya, shin da Sarki ya miƙa kansa shi kaɗai, da ba a tsirar da waɗannan ba? Amsar da za a iya bayarwa ita ce ba shi ya tilasta musu ba, su suka biyo shi, kuma yana kan hanyarsa ta barin ƙasar ne aka bi shi aka tare. Amsa ce mai ƙarfi, amma ba ta share tambayar duka. Har wa yau akwai wani abu mai ɗaci wanda ya kamata a gani a kan dandamali: Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. Wanda ya harba da wanda aka harba suna jin zagin juna ba da tafinta ba.

Abin da ya biyo baya bai yanke wa kowa hukunci ba. Mai Wurno ya kai jama'arsa ƙasar Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da suka kafa har yau da sunansa ake kiransa, zuriyarsu kuma suna can. Waziri Buhari da ya zauna, a 1906 aka haifa masa ɗa aka sa masa suna Junaidu. Wannan yaro shi ne ya zama Waziri Junaidu, wanda ya tattara littattafan Shehu da na Abdullahi da na Bello ya adana, ya rubuta tarihin daular, masu bincike daga ko'ina cikin duniya suka riƙa zuwa zaurensa har ya rasu a 1997. Da uban ya tafi, Allah kaɗai ya san inda waɗannan takardu za su ƙare. Da Attahiru kuma ya zauna, da babu Burmin da za a riƙa tunawa a ce ba a karɓi ƙasar nan a ruwan sanyi ba.

Shi ya sa ya kamata a sami wannan wasa cikin Hausa mai kyau, a fitar da shi daga zaurukan jami'o'i a kai shi filayen makarantu da dandalin gari, kuma kada a tsaya a Sakkwato da Kano. A kai shi Mubi, a kai shi Vimtim. Gaskiya ne mutanen can yawancinsu ba jikokin masu tuta ba ne, kakannin waɗansunsu ma a kan duwatsu suka tsare kansu daga mahayan Fulani, da yawansu kuma Kirista ne. Gaskiya ne kuma waɗanda suka kore su a 2014 ba su da wata alaƙa da Attahiru sai satar kalmomi, domin shi mutane ne suka bar gidajensu suka bi shi don so, waɗannan kuwa mutane suka bar gidajensu don gudunsu. Amma Hausa ce harshen kasuwar Mubi, kuma dattijon da ya taɓa tsayawa a ƙofar gida da duhun asuba ya ce wa ɗansa ya ja ƙannensa ya hau dutse kada ya waiwayo, ba sai an fassara masa abin da ke gudana tsakanin Sarkin Musulmi da Mai Wurno ba. Maƙwabcinsa da ya zauna, wanda har yanzu ake yi wa kallon gefen ido, shi ma zai ga Waziri Buhari ya san ba a kansa aka fara ba.

Ita kuwa tutar da aka mutu a gindinta a Giginya, an ɗauko ta daga hannun Turawa, ta bi Attahiru har Burmi, a can suka sāke kama ta. Ta zauna a hannun soja shekara 57. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, aka mayar da ita Sakkwato, aka danƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.